Bishiyar Manyan Baƙi

Akwai wata kwalejin koyon sana'o'i a wani gari da ba zan kama sunansa ba, don ina da dangi a can kuma ina son in ci gaba da zuwa biki da suna. A cikin kwalejin, can kusa da katangar baya, in ka wuce sashen gyaran mota da na ɗinki, akwai wani ɗan sashe da ake koyar da renon furanni da itatuwan ado. Shugaban sashen sunansa Malam Tanimu. Shekararsa goma sha tara a wurin, kuma in ka cire iyalinsa, ba abin da yake ƙauna a duniya kamar tsiro. Siririn mutum ne mai sanyin magana, wanda faratansa ba sa rabuwa da ƙasa ko ranar Juma'a. In ka taka masa ƙafa, zai ce maka "ba komai" tun kafin ka ba shi haƙuri. Amma kuskure ka taka masa dashe, to ranar za ka ji muryar da ba ka san yana da ita ba.

Ɗalibai ashirin da uku gare shi, maza da mata, sai malama guda da suke koyarwa tare, Malama Jummala. Aikinsu kullum cika leda da ƙasa da taki, da yafa iri, da yi wa itatuwa aure, wato haɗa reshen wani itace a jikin wani, da aske shinge har ya miƙe sambal. Sauran 'yan makaranta dariya suke musu, suna kiransu 'yan fulawa. Mutanen gari ma in sun leƙo, tambayarsu guda ce: "Malam, wannan ana miya da shi?" In ya ce a'a, sai su girgiza kai su wuce suna tausaya wa gwamnati. Amma fa duk otal ko gidan mai hali da ka gani da korayen tsirrai a ƙofa a garin nan, je ka bincika, tsohon ɗalibin Malam Tanimu ne ya dasa, kuma da sana'ar yake riƙe da gidansa. Duk ƙarshen wata Malama Jummala takan buga takarda guda mai suna Labaran Sashe ta manna a allon sanarwa: an yi wa lemo arba'in aure, talatin da shida sun kama, 'yan aji biyu sun kai ziyara lambun wane, akuyar maigadi ta sake shiga wurin reno, Allah ya isa. Ba mai tsayawa ya karanta sai su da suka rubuta.

To, shugaban kwalejin, Dakta Ashiru, shi kuma wani irin mutum ne. Allah ya zuba masa son baƙo, amma ba kowane baƙo ba, baƙo mai jiniya. Da zarar ya ji wani babba zai ratsa ta garin, ko da gaisuwar mutuwa ta kawo shi, sai Dakta ya san yadda ya yi ya karkato da shi kwaleji. Kuma a tsarin Dakta, babba ba ya shiga kwaleji ya fita bai dasa bishiya ba. Akwai wani wuri a gaban ofishinsa, daidai inda in mai hoto ya tsaya sunan kwalejin zai fito ɓaro-ɓaro a saman hular baƙo. Nan aka haƙa rami.

Wanda ya fara dashe a ramin nan, shekara bakwai da suka wuce, shi ne shugaban ƙaramar hukuma na lokacin, Alhaji Kallamu. Ranar Malam Tanimu bai yi rowa ba. Ya fito da dashen da ya fi ji da shi, irin bishiyar adon nan mai rassa hawa-hawa da ake kira bishiyar lema, wadda ya rena tun tana ƙwaya har ta kai ƙugun mutum. Alhaji Kallamu ya tattare babbar riga, ya sa ta a rami, ya zuba shebur biyu na ƙasa, aka tafa, aka ɗauki hoto, aka kafa ɗan allo mai ɗauke da sunansa. Malam ya koma gida yana lissafin irin inuwar da za a sha nan da shekara biyar.

Ba a yi wata biyu ba sai ga labarin wani babban sakatare zai zo. Dakta ya aika a kawo dashe ya gani. Malam Tanimu ya zo da wani a leda, lafiyayye shar da shi, sai dai bai fi tsawon ludayi ba.

Dakta ya sauke tabarau ya dube shi. "Malam Tanimu, wannan alayyahon za ka ba Babban Sakatare ya dasa? Ai ko a hoto ba zai fito ba."

"Yallaɓai, da ƙarami ake farawa. Shi ya fi saurin kamawa ma."

"Ni ban tambaye ka kamawa ba. Kuma a ina za a dasa shi? Wurin hoto guda ne a makarantar nan." Ya leƙa ta taga, ya hango bishiyar lema tana kaɗa sabon ganye. "Ga magana a gabanmu muna wahala. A cire waccan yau, a sa ta a rabin duro, gobe ya sake dasa ta. A shafe sunan allo a rubuta nasa."

Malam ya dafe ƙirji. "Yallaɓai, ta fa fara kamawa!"

"Sau ɗaya ne kawai, Malam Tanimu. Sau ɗaya."

Jama'a, ku ji tsoron "sau ɗaya" in ta fito daga bakin shugaba. Daga ranar abin ya zama al'adar kwaleji. Babba ya zo ya dasa, a tafa, ya tafi. Bishiya ta yi 'yan watanni a ƙasa, ta fara miƙa saiwa, ta fara jin daɗin duniya, sai a ji jiniya daga nesa. A tono ta, a mayar da ita rabin duro, a ɗaura mata jan ƙyalle, a turo ta a baro, wani babban ya sake dasawa. Darakta ya dasa ta. Ɗan majalisa ya dasa ta, bayan wata shida wanda ya kayar da shi zaɓe shi ma ya zo ya dasa ta. Mai ba gwamna shawara kan wani abu da shi kansa bai iya faɗin sunansa ba ya dasa ta, har ya taka mata reshe da takalmi. Allon suna kuwa ya sha fenti har ya yi kauri kamar ƙofar kurkuku. Ɗalibai suka laƙaba mata 'Yar Gata, wai don ba hannun da ke taɓa ta sai mai agogon zinare.

Duk tonon nan Malam Tanimu da hannunsa yake yi, ba ya yarda kowa ya sa mata diga. Zai durƙusa ya bi saiwar nan a hankali da yatsa, ya datse wadda ta raunana, ya naɗe saura da jiƙaƙƙen buhu, yana yi yana tsaki. Wani lokaci har a ji yana ce mata, "Yi haƙuri, ba laifina ba ne." Sau biyu tana zubar da ganye kaf, kowa ya ce ta tafi, ya kai ta inuwa ya yi ta jinya har ta sake toho. Abin yana cin ransa ƙwarai, amma ya rasa bakin da zai ce wa Dakta a'a. Ita kuwa 'Yar Gata tana nan yadda take, a ƙugu, ba gaba ba baya.

Malama Jummala dai ba ta rubuta ƙarya. Duk zuwan baƙo takan sa a Labaran Sashe cewa mai girma wane ya dasa bishiya ranar kaza, kuma haka aka yi. Shi kuwa Dakta sai ya tattara takardun nan, in zai aika rahoton shekara zuwa ma'aikata ya rubuta cewa kwaleji ta kafa Kurmin Manyan Baƙi, kuma yana ta bunƙasa.

Ana nan ana nan, siyasa ta juya, aka wayi gari Alhaji Kallamu ya zama kwamishinan da kwalejoji ke ƙarƙashinsa. Sabuwar tsintsiya, ya shiga rediyo ya ce shi bai zo wasa ba, duk sashen da ba a ga amfaninsa a ƙasa ba zai rufe shi, a mayar da ajujuwan ɗakin na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ba a yi mako ba takarda ta iso. Kwamishina zai zo ranar Alhamis ya duba da idonsa, kuma sunan farko a jerin sassan da ake shakka a kansu shi ne na 'yan fulawa. A ƙasan takardar ya ƙara layi guda da bironsa: in an gama zagaye, yana so ya ɗan huta a inuwar bishiyar da ya dasa.

Dakta Ashiru ya karanta layin nan sau uku. Ya aika a kira Malam Tanimu, ya rufe ƙofa, ya miƙa masa takardar.

Malam ya karanta, ya ce, "Inna lillahi. Yallaɓai, inuwar da take yi ko kaza ba ta isa."

"Na sani! Ka zaci makaho ne ni?" Dakta ya yi ta kai da komo a ofis. Can sai ya tsaya cak, fuskarsa ta washe. "Wace ce babbar bishiyar nan ta bayan laburare?"

"Madaci ne, yallaɓai."

"Madalla. A rubuta sabon allo da sunan Honorabul da kwanan watan da ya zo, a kafa a gindinta. A share wurin, a jera kujeru."

Malam Tanimu ya buɗe baki ya kasa rufewa. "Yallaɓai, madacin nan ya girmi kwalejin. Ya girme ni, ya girme ka. Mutum uku ba sa zagaye shi da hannu. Shekara bakwai fa ake magana!"

"Kai matsalarka kenan, ka ɗauka kowa ganye yake kallo. Babban mutum ba ya kallon ganye, allo yake kallo. In ya ga sunansa, magana ta ƙare."

"Wurin ma ba nan ba ne. A gaban ofis ya dasa."

"Wuri nawa ya yi dashe tun daga lokacin? Yana tuna wanne?" Dakta ya zauna yana murmushi, ya ji daɗin kansa. "Kuma ka shirya waccan 'yar taku. In ya huta, zai dasa sabuwar bishiya a matsayinsa na kwamishina."

"Ita ɗin dai?"

"Kana da wata mai tsawon hoto ne? Malam Tanimu, ka buɗe kunne. Sashenka ne a kan siraɗi, ba ofishina ba. In aka rufe, ɗalibanka su kama gabansu ba takarda, kai kuma in mayar da kai sito kana ƙirga tsintsiya. In kana son sashenka, ka yi abin da na ce, kuma ranar ka kama bakinka."

Malam ya fito ya tarar da Malama Jummala a wurin reno tana nuna wa 'yan aji ɗaya yadda ake yanka reshen fure a dasa. Ya ja ta gefe ya kwashe labari ya faɗa mata. Ta riƙe haɓa.

"Madaci? Malam, ai wannan ko ɗan firamare ba a yi wa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka je ka faɗa wa mutumin nan gaskiya tun a bakin ƙofa."

"In faɗa masa me? Cewa shekara bakwai ina tono bishiyarsa kamar rogo? A take zai rufe mu." Ya dubi ɗaliban nan sun duƙufa a kan ledoji, wata ma da goyo a baya. "Ni tsoro nake ji, Malama, ba na ɓoye miki. Ba don kaina ba. 'Yan aji biyu saura wata huɗu su gama. In ce musu me?"

Ta ce, "To Allah ya rufa asiri. Amma ni dai ba zan rubuta a takardata cewa madaci bishiyar lema ce ba."

Ranar Laraba Malam ya durƙusa ya sake tono 'Yar Gata. Wannan karon ko haƙuri bai ba ta ba, kunya ta hana shi.

Alhamis da hantsi jiniya ta cika gari. Motoci suka yi jerin gwano, 'yan sanda suka dira, 'yan jarida suka saɓa kayan ɗaukar hoto, ga wani maroƙi da ba wanda ya gayyata ya riga kowa shiga gaba. Alhaji Kallamu ya fito ya ƙara ƙiba, ya ƙara haske, babbar rigarsa tana ɗaukar ido. Aka zagaya da shi sashen gyaran mota, aka kai shi na ɗinki. Da aka zo na furanni, ɗalibai sun jera tukwanen fure launi-launi, sun share ko'ina tas, Malam ya shirya bayanin da ya kwana uku yana bita. Kwamishina bai yi minti biyu ba. Ya ɗaga wata tukunya, ya shinshina, ya ce, "Wannan me yake maganinsa?" Kafin Malam ya haɗa amsa ya ajiye ya duba agogo. "Ku kai ni wurin bishiyata."

Dakta ya shige gaba yana washe baki, tawaga ta biyo, aka zagaya bayan laburare. Ga madaci nan ya tokare sama, inuwarsa ta rufe kujeru hamsin, a gindinsa ga sabon allo fentinsa ko bushewa bai gama ba.

Maroƙi ya ɗaga kai ya ga tsawon abin, sai ya ƙwala ihu. "Allahu akbar! Hannu mai albarka! Ka taɓa ƙasa ta zama daji! Kallamu ba ya dasa ƙarama!"

Tawaga ta ɗauka. Wani darakta ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin bishiya ta yi irin wannan saurin ba. Wani ya ce ai abin ba a ƙasa yake ba, a zuciyar mai dasawa yake. Wani ɗan jarida har ya fara tsara yadda zai buɗe labarin yamma. Dakta ya waiwayo ya ƙyafta wa Malam Tanimu ido, irin na "ban faɗa maka ba?" Malam kuwa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, yana jin da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Kwamishina ya karanta allon. Ya ɗaga kai ya dubi rassa. Ya zagaya gindin a hankali, hannu a baya, har ya dawo inda ya faro. Sannan ya sa farce ya ɓanɓaro ɗan ɓawo, ya jefa a baki, ya tauna. Fuskarsa ta yamutse, ya juya ya tofar.

"Madaci," in ji shi.

Maroƙi ya haɗiye sauran kirarin da ke bakinsa.

"Ubana masassaƙi ne," Kwamishina ya ce, muryarsa a ƙasa. "A cikin ɓawon itace na yi rarrafe. Da jiƙon wannan ake mana maganin ciwon ciki, har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke. Ni za a kawo gindin madacin da ya ga zamanin kakana a ce ni na dasa?" Ya juya ya kafe Dakta da ido. "Shugaba, wa ya yi wannan aikin?"

Wallahi a nan ne na san akwai mutanen da ba su da kunya ko ta sisin kwabo. Dakta Ashiru ko gezau bai yi ba. Ya haɗa hannu a ƙirji ya ce, "Ranka ya daɗe, ni karatuna a fannin mulki ne. Ban san madaci ba, ban san mangwaro ba. Muna da masani a makarantar nan, shi muke bi a kan duk abin da ya shafi itace." Ya miƙa hannu. "Ga shi nan, Malam Tanimu, shugaban sashen."

Idanu suka juyo kan Malam gaba ɗaya, har da na kayan hoto. Ya hango ɗalibansa sun taru a bayan 'yan sanda sun yi tsuru-tsuru, ya hango Malama Jummala ta dafe kai. Ya duba gaba kura, baya sayaki: in ya ce shi ya nuna, ya zama ko maƙaryaci ko jahilin da bai san madaci ba bayan shekara goma sha tara yana koyar da itace, in ya ce Dakta ne, wa zai yarda da shi a kan shugaba? Shekara bakwai yana rufa wa mutumin nan asiri, yau a gaban duniya ya ɗauke shi ya jefa a wuta. Daga nan kuma sai ya ji tsoron ya sake shi, don wanda ya riga ya jiƙe ba ya gudun yayyafi.

"Kai ne masanin?" Kwamishina ya tambaya.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Wannan mece ce?"

"Madaci ne. Tun kafin a haife ni madaci ne."

"To ina tawa? Ta mutu ne kuke ɓoyewa?"

"Ba ta mutu ba, ranka ya daɗe. In ka biyo ni zan nuna maka."

Dakta ya fara tari yana yi masa alama da gira. Malam bai ko dube shi ba. Ya juya ya kama hanya, Kwamishina ya bi shi, tawaga ta bi Kwamishina, maroƙi ya koma can baya. Aka zagayo gaban ofis. Ga ramin nan a buɗe, ga sabon shebur an ɗaura masa ƙyalle, ga butar ban-ruwa, ga baro a gefe, a cikinsa rabin duro, a cikin duron 'Yar Gata da jan ƙyallenta tana jiran miji na gaba.

Malam ya tsaya kusa da ita ya dafa bakin duron. "Ga ta nan."

Kwamishina ya dubi bishiyar, ya dubi ramin, ya dubi rubutun sunan kwaleji a bango. Ka ga alamar wurin ya fara dawo masa. "Wannan ai ita aka ce zan dasa yau."

"Ita ce, ranka ya daɗe. Ita ka dasa wancan karon ma."

"Kana nufin abin da na dasa shekara bakwai, shi za a sake miƙo min in dasa?"

"Kai da duk wanda ya zo bayanka. Rami ɗaya ne, bishiya ɗaya ce. In baƙo zai zo a tono ta, in ya zo ya mayar."

"To Kurmin Manyan Baƙin da nake karantawa a rahoto fa?"

"Kana tsaye a gabansa."

Wani ɗan sanda ya kasa riƙewa, dariya ta kuɓuce masa, ya mayar da ita tari. Dakta Ashiru kuwa ya lallaɓa ya koma bayan wani darakta mai faɗin kafaɗa. Fuskar Kwamishina ta yi baƙi ƙirin. An kunyata shi gaban 'yan jarida, kuma dole wani ya ɗauki kunyar nan ya tafi da ita gida. Ya matso ya auna bishiyar da jikinsa, ta tsaya masa daidai aljihun riga.

"Shekara bakwai!" ya daka tsawa. "Shekara bakwai, tana nan inda na bar ta! Ko kara aka kafa ai ya ci a ce ya yi wani abu. Kai Malam, dubi idona. Gwamnati ta ba ku aji, ta ba ku fili, ta ba ku ɗalibai. Bishiya ƙwaya ɗaya tak kun kasa ɗaga ta ta wuce ƙuguna. Faɗa min abin da kuka iya a sashen nan. Ba ni dalili guda, guda ɗaya, da zai hana in sa a garƙame shi yau ɗin nan kafin in shiga mota!"

Malam Tanimu ya sa hannu ya kwance jan ƙyallen da ke wuyan bishiyar, ya ninke shi, ya sa a aljihu. Sannan ya ɗago.

"Ranka ya daɗe, manyan gwamnati goma sha ɗaya ne suka sa wa bishiyar nan hannu, kuma ga ta da ranta. A nuna min abu guda a jihar nan da ya sha hannun uku daga cikinku bai mutu ba, ni da kaina zan kawo kwaɗon rufe sashen."